Furotin Masu Kama DNA: A Biya Mai Ƙirƙira, Amma Kada a Kulle Kayan Aiki

Wajajen 2008, idan mai bincike yana son ya gyara wuri guda a cikin DNA na wata halitta, hanya mafi inganci da ke gabansa ita ce ya aika wa kamfanin Sigma-Aldrich na Amurka buƙatarsa, ya biya kimanin dala 25,000, a haɗa masa furotin da zai kama wannan wuri shi kaɗai. In gobe wani wurin yake so, sai ya sake biya. Shekara biyar bayan haka, a 2013, ɗalibin jami'a yana iya samun abin da zai yi masa irin wannan aiki a kan dala 65 daga Addgene, cibiyar da aka kafa a 2004 ba don neman riba ba. Fasahohin nan biyu, ta farko yatsun zink, ta biyu CRISPR, duk akwai takardun haƙƙin ƙirƙira a kansu. Shi ya sa ba na bin masu cewa takardar ita ce annoba, kamar yadda ba na bin masu cewa duk abin da mai takarda ya yi daidai ne tunda doka ta ba shi.

Matsayata ita ce, haja daban, kayan aiki daban. Magani guda da aka yi wa cuta guda haja ce, kuma in an bai wa kamfani ɗaya ikon sayar da shi na wasu shekaru don ya mayar da abin da ya kashe, zan iya fahimta. Furotin da za a iya juya shi ya kama kowace ƙwayar gado, wato yankin DNA mai ɗauke da umarnin wani aiki, a jikin mutum ko dabba ko tsiro kuwa, kayan aiki ne wanda dubban ayyuka ke jiransa. Wanda ya ƙera shi ya cancanci a biya shi. Ikon hana wasu taɓa shi ne nake cewa bai kamata ya samu ba, balle idan da harajin jama'a aka yi binciken.

DNA na ɗan Adam yana da haruffa kusan biliyan 3, daga iri huɗu kacal: A, C, G da T. Shi kaɗai ba ya iya komai. Furotin ne ke hawa kansa su karanta shi, su kwafe shi, su gyara inda ya lalace, su kunna wata ƙwayar gado su kashe wata. Da yawansu suna da siffar da ta dace da wani jerin haruffa, da ita suke gane wurinsu. Kusan duk kayan aikin wannan fanni aro ne daga irin waɗannan furotin. EcoRI, alal misali, yana neman haruffa shida, GAATTC, ya yanka a nan. Bakteriya ce ke yin sa don ta daddatsa DNA na ƙwayoyin bairos da ke kawo mata hari. Gano irin waɗannan furotin ne ya sa aka bai wa Werner Arber da Daniel Nathans da Hamilton Smith kyautar Nobel a 1978. Babu ɗan Adam da ya zauna ya tsara EcoRI. Samun sa aka yi.

Takardar haƙƙin ƙirƙira kuwa ciniki ce tsakanin mai ƙirƙira da al'umma. Hukuma tana ba shi ikon hana wasu amfani da abin da ya ƙirƙira na shekara 20 daga ranar da ya shigar da buƙata, wa'adin da yarjejeniyar TRIPS ta 1995 ta mayar ƙa'ida ga ƙasashen Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. Shi kuma zai rubuta yadda ake yin abin dalla-dalla, ta yadda duk masanin fannin zai iya maimaitawa. A 1980 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta amince a bai wa Ananda Chakrabarty takarda a kan bakteriyar da ya sauya don ta riƙa narka ɗanyen mai. A shekarar ce kuma dokar Bayh-Dole ta bai wa jami'o'in ƙasar damar mallakar abin da suka ƙirƙira da kuɗin gwamnati. Sai a 2013, a shari'ar kamfanin Myriad, kotun ta ce ƙwayar gado da aka ciro daga jiki kawai ba ƙirƙira ba ce. Wannan iyaka ta yi mini daidai: abin da aka tsinta ba na kowa ba ne, abin da aka ƙera yana da mai shi. Rigimar tana farawa ne bayan an ba da takardar.

Labarin da ya fi damuna a nan shi ne na furotin da ake kira yatsun zink. A 1985 Aaron Klug da abokan aikinsa a Kambirij ta Ingila suna nazarin wani furotin daga ƙwan kwaɗo, sai suka ga an gina shi da ƙananan sassa masu maimaituwa, kowanne ya naɗe a jikin ƙwayar sinadarin zink guda. A 1991 Nikola Pavletich da Carl Pabo suka nuna yadda kowane yatsa ke riƙe haruffa uku na DNA. Daga nan lissafin ya fito fili: in ka jera yatsu shida za ka kama haruffa 18, tsawon da ya isa ya ware wuri ɗaya tak a cikin DNA na mutum gaba ɗaya. A 1996 Srinivasan Chandrasegaran na jami'ar Johns Hopkins ya haɗa yatsun da ɓangaren yanka na wani furotin mai suna FokI. A 2002 Dana Carroll na jami'ar Utah ya sauya ƙwayar gado a jikin ƙudan 'ya'yan itace da wannan haɗi. Wato gyaran ƙwayoyin gado, wanda mutane da yawa ke ɗauka da CRISPR ya fara, ya riga shi da shekara goma cur.

Me ya hana shi yaɗuwa? Kamfanin Sangamo, wanda Edward Lanphier ya kafa a Kalifoniya a 1995, ya bi manyan takardun fannin ya tattara su, da lasisi daga jami'o'in MIT da Johns Hopkins da cibiyar Scripps, sannan a 2001 ya sayi Gendaq, kamfanin da Klug ya taimaka aka kafa. Ɓangaren tsirrai ya miƙa wa Dow AgroSciences, ɓangaren sayar wa masu bincike kuma ya bai wa Sigma-Aldrich a 2007. Har nan dai kasuwanci ne da aka saba gani. Abin da ba zan iya karewa ba shi ne wannan: yatsun ba sa aiki kamar yadda lissafi ya nuna, domin kowane yatsa yana shafar maƙwabcinsa, kuma yawancin jerin da mutum ya haɗa da ka ba sa kama komai. Sanin wane yatsa ne ke zama lafiya kusa da wane, wanda shi ne ainihin ilimin, yana cikin rumbun kamfanin. Masu bincike daga jami'ar Duke da suka bi takardun a 2009 sun nuna cewa abin da aka rubuta a ciki bai isa mutum ya ƙera ingantaccen furotin ba. Kamfanin ya karɓi kariyar da ake bayarwa a madadin bayyana sirri, ya kuma riƙe sirrin. Al'umma ta cika nata ɓangaren cinikin, ba a cika mata ba.

Masana jami'a ba su naɗe hannu ba. Keith Joung da Daniel Voytas sun jagoranci wata haɗaka, suka fitar da hanyarsu mai suna OPEN a 2008, suka raba kayanta ga kowa. Amma aikin watanni ne kafin a samu furotin guda, kuma shekarun da suka kashe wajen sake gano abin da wani ya riga ya sani shekaru ne da ba a kashe kan cuta ko amfanin gona ba.

Adalci ya wajaba a nan, domin Sangamo ba zaman kashe wando ya yi a kan takardunsa ba. A 2005 masanansa suka gyara ƙwayar gado a tantanin ɗan Adam da inganci da ba a taɓa gani ba. A 2009 suka fara gwaji tare da Carl June na jami'ar Pennsylvania, inda aka lalata ƙofar CCR5 da ƙwayar cutar ƙanjamau ke bi ta shiga tantanin garkuwar jiki, aka kuma buga sakamakon mutum 12 a 2014. A 2017 su ne suka fara gwada gyaran ƙwayar gado kai tsaye a cikin jikin majiyyaci. Gaskiya ne kuma cewa yatsun zink suna da wuya ko da babu takarda ko ɗaya. Sai dai wuyar fasaha tana raguwa ne idan hannaye da yawa suka taru a kanta, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kamfani guda, komai ƙwazonsa, cututtuka kaɗan zai iya bi. Sauran dubban sai su jira.

Abin da ya biyo baya ya tabbatar mini da haka. Bakteriyar Xanthomonas, mai kama shinkafa da barkono da wasu tsirrai, tana tura furotin cikin tantanin tsiro su hau DNA ɗinsa su kunna abin da zai ciyar da ita. A 2009 Jens Boch da Ulla Bonas a Halle ta Jamus, da Matthew Moscou da Adam Bogdanove a Iowa, suka warware yadda waɗannan furotin, TALE, suke karatu: sashe ɗaya, harafi ɗaya. Ƙa'idar gajeriya ce, ba ta ɓoyuwa. An nemi takardu a kanta, kamfanin Cellectis na Faransa ya karɓi lasisi daga jami'ar Minnesota, amma a 2011 kayan haɗa furotin TALE na gyaran DNA suna hannun Addgene. Kafin a ce me, ɗakunan bincike a ko'ina sun ɗauka. A 2015 likitocin asibitin Great Ormond Street a Landan suka yi wa wata jaririya mai sankarar jini magani da tantanin da aka gyara da wannan fasaha.

Sai CRISPR. Duk wanda ke son ya san dalilin da ya sa nake ƙin a ce mutum ɗaya ko cibiya ɗaya ce mai wannan fasaha, ya dubi sahun waɗanda suka kawo ta. Yoshizumi Ishino a Osaka ya ga wani baƙon jerin haruffa masu maimaituwa a DNA na bakteriya a 1987, wanda daga baya aka sa wa suna CRISPR. Francisco Mojica a Alikante ta Sifaniya ya shafe fiye da shekara goma a kansu kafin ya buga a 2005 cewa garkuwar jiki ce ta ƙananan halittu. Rodolphe Barrangou da Philippe Horvath na kamfanin Danisco sun tabbatar da hakan a 2007 a kan bakteriyar da ake yin yogot da ita. Virginijus Šikšnys a Lituwaniya ya kai ga yadda Cas9, furotin na wannan garkuwa, ke yanka DNA a 2012, a daidai lokacin da Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka buga nasu aikin a watan Yuni. Feng Zhang da George Church suka nuna yana aiki a tantanin ɗan Adam a Janairun 2013. Sauƙin Cas9 shi ne ba sai ka sake ƙera furotin ba. Gajeren RNA, ɗan'uwan DNA, mai haruffa kusan 20 ne ke yi masa jagora, shi kaɗai za ka canza. In ka kashe ɓangaren yankansa kuma, sai ya zama abin kama DNA zalla, ka ɗora masa abin kunnawa ko kashewa, ko abin sauya harafi ɗaya kamar yadda David Liu ya yi a 2016.

Jami'ar Kalifoniya, inda Doudna ke aiki, da abokanta sun shigar da buƙatarsu ta neman takarda a Mayun 2012. Cibiyar Broad, ta MIT da Harvard, inda Zhang ke aiki, ta shigar a Disamba, ta biya kuɗin gaggawa, aka ba ta takarda a Afrilun 2014. Daga nan shari'a ta ɓarke. Hukumar sauraron ƙorafin takardu ta Amurka ta bai wa Broad gaskiya a 2017, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2018, hukumar ta sake ba ta a 2022, sannan a Mayun 2025 kotun ta mayar da batun a sake dubawa. A Turai an soke wata babbar takardar Broad a 2018 saboda saɓanin sunayen masu nema, ɗaya ɓangaren kuma ya janye takardunsa biyu da kansa a 2024. A tsakiyar wannan duka aka bai wa Doudna da Charpentier kyautar Nobel a 2020. Miliyoyin daloli sun tafi wajen lauyoyi, kuma zuwa 2025 shekara 13 cikin 20 ta wuce ƙaramin kamfani bai san ƙofar wa zai ƙwanƙwasa ba.

Duk da haka CRISPR ta yaɗu, domin Zhang da Doudna da Church sun ajiye kayansu a Addgene, cibiyoyinsu kuma ba su bi masu binciken jami'a da sammaci ba. Wannan abin yabo ne, kuma shi ne dalilin da ya sa fannin ya yi saurin da ya yi. Inda suka kauce shi ne ɓangaren magani. Broad ta bai wa kamfanin Editas lasisin da ya keɓe shi, jami'ar Kalifoniya ta bai wa Caribou wanda ya miƙa wa Intellia, Charpentier kuma ta bai wa CRISPR Therapeutics. Ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado kusan 20,000 masu yin furotin, aka damƙa makullinsu ga kamfanoni 'yan ƙalilan da masanan da kansu suka taimaka aka kafa. Broad ta bar wata kafa, cewa wani zai iya neman ƙwayar gadon da Editas ba ya aiki a kanta, amma sai an fara tambayar Editas ɗin. Jami'a da aka gina don amfanin jama'a bai kamata ta miƙa wa kamfani mai masu hannun jari hukuncin wa zai shiga wa zai tsaya a waje ba.

Masu cewa babu wata hanya sun manta da jami'ar Stanford. Stanley Cohen na Stanford da Herbert Boyer na jami'ar Kalifoniya ne suka nuna a 1973 yadda ake yanka DNA da EcoRI a liƙa shi cikin wata halitta, tushen duk masana'antar. An ba da takardar a Disambar 1980. Niels Reimers, mai kula da lasisi a Stanford, ya zaɓi a buɗe wa kowa: kamfani ya biya dala 10,000 da ɗan kaso kaɗan daga cinikin abin da ya sarrafa, masu binciken jami'a kuma ba a neme su da komai ba. Kafin wa'adin ya ƙare a 1997, kamfanoni 468 sun karɓi lasisi, jami'o'in biyu sun samu kimanin dala miliyan 255. Da an keɓe wa Genentech, kamfanin da Boyer ya kafa tare da wani, doka ba za ta hana ba. Ba a yi ba, kuma babu wanda ya talauce.

A ɗaya gefen akwai Cre, furotin daga wata ƙwayar bairos mai kama bakteriya, wanda ke gane alamomi biyu a jikin DNA masu suna loxP ya cire abin da ke tsakaninsu. Da shi ake kashe ƙwayar gado a gaɓa ɗaya ta jikin ɓera a bar sauran. Kamfanin DuPont, mai takardar, ya gindaya wa jami'o'i sharuɗɗa: kada a bai wa wani ɓeran sai yana da lasisi, a nuna wa kamfanin sakamako kafin a buga, kuma yana da haƙƙi a abin da aka gano. Tamkar maƙeri ne ya sayar maka da fartanya, sannan ya ce sai ya ga abin da za ka shuka, kada ka ara wa maƙwabci, kuma yana da kaso a cikin girbi. Harold Varmus, shugaban cibiyoyin binciken lafiya na Amurka a lokacin, ya ƙi sa hannu, har aka cimma yarjejeniya a 1998 da ta sakar wa masu bincike mara. Haka Taq, furotin mai kwafe DNA a cikin zafi, wanda gwajin PCR, hanyar ninka DNA sau da yawa, ya dogara a kansa. Thomas Brock da ɗalibinsa Hudson Freeze ne suka samo bakteriyar a maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Yellowstone a 1966, suka ajiye ta inda kowa zai iya ɗauka. Kamfanin Cetus ya sayar wa Roche haƙƙin PCR a kan dala miliyan 300 a 1991. A rigimar Roche da kamfanin Promega kan takardar Taq an jera sunayen masu bincike sama da 200 a matsayin masu keta haƙƙi, kafin alƙali ya yanke a 1999 cewa an yaudari ofishin ba da takardu wajen samun ta Taq.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kaina ita ce ta masu zuba jari. Kai magani kasuwa yana cin shekaru da makudan kuɗi, yawancin gwaje-gwaje kuma faɗuwa suke yi. Wa zai sa dukiyarsa in ya san gobe wani zai kwafe? Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, amma abin da take karewa shi ne maganin, ba kayan aikin ba. Kamfanin da ya ƙera maganin wata cuta da Cas9 yana da takardunsa a kan jagoran RNA da ya zaɓa, da hanyar isar da shi, da yadda yake sarrafa tantanin, ga kuma kariyar da hukumomin magunguna ke bai wa sabon magani. Ba ya buƙatar a hana wani taɓa wata cutar daban kafin jarinsa ya tsira. In ma keɓewa ta zama dole, a keɓe masa ƙwayar gado ɗaya da cuta ɗaya, da wa'adi, in bai motsa ba a karɓe.

Hujja ta biyu ita ce, ai masana ba sa ma duba takardun. Akwai gaskiya a ciki. Wani bincike da John Walsh da abokan aikinsa suka buga a 2005 ya samu cewa kashi 1 cikin 100 ne kawai na masu binciken jami'a a Amurka suka ce takardar wani ta jinkirta musu aiki. Amma binciken nan ne kuma ya nuna kusan ɗaya cikin biyar an hana su wani abin aiki da suka roƙa daga wani ɗakin bincike ko kamfani. Wato katangar tana wurin kayan da sanin yadda ake haɗa su, daidai inda yatsun zink suka maƙale. Sannan zaman lafiyar masu binciken ba doka ce ta ba su ba. Tun shari'ar Madey da jami'ar Duke a 2002 aka san cewa kasancewarka jami'a ba ya kare ka a Amurka. Kawar da kai ake yi, kuma mai kawar da kai yana iya juyowa ranar da ya ga dama, galibi ranar da binciken ya fara kama da abin da zai amfani mutane.

Cutar sikila ce ta fi nuna mini abin da ke kan faifai. A 2021 an haifi jarirai sama da 500,000 da ita a duniya, mafi yawansu a Afirka kudu da Sahara. A 2008 ɗakin binciken Stuart Orkin a Boston ya nuna cewa furotin BCL11A, wanda shi ma mai yatsun zink ne, shi ke kashe haimogulobin na jarirai bayan haihuwa, haimogulobin kuwa shi ne furotin mai ɗaukar iska a cikin jini. Maganin Casgevy yana amfani da Cas9 ya raunana wannan furotin a tantanin da ke yin jini, sai haimogulobin na jarirai ya dawo ya maye gurbin mai lahani. Birtaniya ta amince da shi a Nuwambar 2023, Amurka a Disamba, a kan dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya. Ba zan ce takardu ne kaɗai suka kai shi nan ba. Ana ɗebo tantanin majiyyaci, a gyara a masana'anta, a share ɓargonsa da magani mai ƙarfi, ya yi makonni a asibiti, kuma duk wannan kuɗi ne. Amma kamfanin Vertex, wanda ya riga ya shiga ta ƙofar CRISPR Therapeutics, sai da ya sake biyan Editas dala miliyan 50 nan take a watan da aka amince da maganin, ban da kuɗin shekara-shekara. Vertex yana da ƙarfin biyan ɓangare biyu. Ƙaramar cibiya a Indiya ko Brazil ko Afirka da ke neman hanya mai araha, wadda ita ce kaɗai za ta kai maganin inda masu cutar suke, ba ta da shi. Masu neman arahar su ne suka fi buƙatar ƙofa a buɗe, kuma su ne tsarin keɓewa ke fara korewa.

Gyaran ba sai an rushe dokar ba. Suwizalan, ƙasar Roche da Novartis, ta sa a dokarta tun 2008 cewa duk wanda ke son amfani da ƙirƙirar fasahar halittu a matsayin kayan bincike yana da haƙƙin a ba shi lasisi da ba a keɓe ba, in an kasa daidaitawa kan farashi alƙali ya yanke. Mai takarda yana samun kuɗinsa, abin da ya rasa shi ne ikon cewa a'a. Ina son in ga wannan sashe a dokar kowace ƙasa. Jami'ar Wageningen ta Holan ta sanar a 2021 cewa za ta bai wa ƙungiyoyin da ba riba suke nema ba lasisin takardunta na CRISPR kyauta don inganta amfanin gona, kuma babu abin da ya hana sauran jami'o'i bi. Amma kyautatawa ba ta isa ta zama tsari ba. Masu ba da kuɗin bincike, gwamnatoci ne ko gidauniyoyi, su rubuta sharaɗin tun ranar ba da kuɗin: kayan aikin da ya fito daga nan ba za a keɓe shi ba, kuma za a ajiye shi a rumbun da kowa ke iya nema. Cibiyoyin lafiya na Amurka sun ba da irin wannan shawara tun 1999, jami'o'i da dama sun sa hannu a kan makamanciyarta a 2007, cikinsu har da waɗanda suka zo suka keɓe CRISPR. Dokar Bayh-Dole ma ta bai wa gwamnati ikon shiga tsakani in an danne ƙirƙira, amma a shekaru 40 na farko ba a yi amfani da shi ko sau ɗaya ba.

Ɗaya gyaran yana hannun ofisoshin ba da takardu. A 2023, a shari'ar Amgen da Sanofi, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa wanda ya nemi kariya mai faɗi dole bayaninsa ya isa a iya yin duk abin da ya nema. Wannan hukunci ya zo a kan gaɓa, domin furotin masu kama DNA na gaba ba daga kwaɗo ko maɓuɓɓugar ruwan zafi za su fito ba. Kwamfuta ce ke tsara su. An bai wa David Baker rabin kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2024 kan tsara sababbin furotin, kuma a shekarar kamfanin Profluent ya fitar da wani mai aikin Cas9 da manhajar ƙirƙirarriyar basira ta zana. A irin wannan yanayi ilimin gaske yana cikin manhajar da bayanan da aka horar da ita da su, abubuwan da ba sa shiga takarda in ba a tilasta ba. Kamfani zai iya nuna furotin goma da suka yi aiki, ya nemi kariya a kan duk dangin, ya riƙe hanyar samun na goma sha ɗaya. Mai duba takarda ya tambayi mai nema ko masanin da ke wata jami'a, da wannan rubutu kaɗai a hannunsa, zai iya ƙera furotin da zai kama jerin haruffan da ba a ambata a ciki ba. In amsar a'a ce, a ba shi kariya a kan goman da ya nuna, sauran kuma sai ranar da ya ajiye bayanan da manhajar inda za a iya gwada su.